Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: A Ja Igiya Kafin a Ɗora Bulo

A makon jiya na tsaya ne a inda na fara haɗa kundin ayyukana a Figma, manhajar zana shafukan intanet da na waya. Na yi niyyar wucewa zuwa shekarun da suka biyo baya, amma maganar Baba, Allah Ya jiƙansa, ta ƙi barina: a ja igiya kafin a ɗora bulo. Shi a kan gini yake faɗinta, ni kuwa a kan shafi na gane ta. Kuma har yau ina jin haushin masu koyar da yara zaɓen launi kafin su koya musu awo.

Igiyar shafi ita ce giridi, wato ginshiƙan awo da ake jera komai a kansu. Danna F ka zana firem, wato filin da shafin zai zauna a ciki, mai faɗin fiksel (ɗigon allo) 1440, girman allon kwamfuta. Ka sa masa ginshiƙai 12, gefe 120 dama da hagu, rata 24 tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Yi lissafin da kanka: an cire 240 na gefe, saura 1200; rata 11 sun ci 264, saura 936; a raba gida 12, kowane ginshiƙi ya tashi da 78 cif, babu ɓurɓushi. Ana son 12 ne saboda tana rabuwa gida 2, 3, 4 da 6. Katunan ayyuka, wato akwatunan da ke nuna kowane aiki, uku a jere, kowanne ya hau ginshiƙi 4. Biyu a jere, kowanne 6. Shift da G na nuna giridin ko ɓoye shi.

Rubutun bayanin aiki kuwa kada ya cinye ginshiƙai 12 duka. Layin da ya wuce harafi 75 yana gajiyar da ido, mai karatu ya riƙa ɓatan layin da zai koma. Ginshiƙi 6 sun ishe shi. Girman rubutu 16, tsayin layi 24. Ka adana wannan a matsayin salon rubutu tun ranar farko, haka ma na kanun shafi, don in ka canza ɗaya duk shafuka su bi.

Tazara ma da igiyarta: 8, 16, 24, 32, 48, 64. Ban da 13, ban da 27. Wanda ya taɓa buɗe kundina a waya ya mayar min da shi ba tare da ya ce uffan ba, ba zan ambaci sunansa ba, amma da ya faɗa min inda bangon ya tsage da ban ɓata watanni ina lalube ba. Ni ga shi ina faɗa muku. Laifin na tazarar da aka ja da ido ne, da akwatunan da aka ba faɗi tsayayye.

A nan Auto Layout ya shigo, tsarin da ke jera abubuwa da tazararsu da kansa, wanda Figma ta kawo a ƙarshen 2019. Mu da muka fara kafin zuwansa mun san wahalar matsar da abu ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka ƙara layi guda. Zaɓi hoto, take da gajeren bayani, ka danna Shift da A. Sa musu tazara 16. Faɗin rubutun ka bar shi a Fill domin ya cika katin, tsayin katin kuma a Hug domin ya rungumi abin da ke cikinsa. Kuskuren da na fi gani shi ne a bar faɗin rubutu a Hug: sai ya miƙe a layi ɗaya ya fasa katin ya fita. In kuma tsayin taken aka ƙayyade da lamba, dogon take zai hau kan bayanin da ke ƙasa. Idan katin ya zauna daidai, Ctrl, Alt da K za su mayar da shi uwar kati, sauran duk kwafinta ne. Gyara a jikin uwar, kada ka ɓalle 'ya'yan, wato kwafin, daga jikinta.

Baba ba ya yarda da bango sai ya duba shi ta ɓangare biyu. Saboda haka zana firem na waya mai faɗi 390, ginshiƙai 4, gefe 16, katunan su sauko ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ka kama gefen firem ɗin ka ja, ka ga abin da zai karye. Sannan ka cire rubutun cike-gurbi ka sa ainihin sunan aikinka mafi tsawo.

Hotuna su zama rabo ɗaya na faɗi da tsayi, ko 4:3 ko 16:9, kada a gauraya. Ka fitar da su ninki 2 don kada su dushe a allo mai kaifi, kuma ka sani Figma na rage duk hoton da ya haura fiksel 4096. Launi? Shi ne ƙarshe, kuma sharaɗinsa guda: bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan shiga shafin bayanin aiki guda, da dalilin da ya sa na cire ayyuka tara na bar huɗu.