Maganar da ta shiga kunnen da ba nata ba

Ranar Alhamis na miƙa makullin ɗakin reji, wato ɗakin da ake sarrafa sauti, bayan shekara bakwai ina zaune a bayan gilashi a gidan rediyon nan namu na Maraɗi. Yaran da na bari sun ce in rubuta musu wani abu. Miksa dai, na'urar haɗa sauti, sun iya ta, wasu ma sun fi ni saurin hannu. Abin da nake so su riƙe ya shafi wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, wato amplin kaske, mai ƙara ƙarfin sauti ya tura wa kaske, abin sauraro da ake sawa a kunne, da abin da ya jawo mini a daminar 2019.

A shekarar aka ƙirƙiro shirin muhawara na daren Laraba: mai gabatarwa, baƙi biyu ko uku, ga masu bugo waya. Kafin nan kaske biyu muke da su, rataye a jikin miksa da wata ƴar mahaɗa da ta sha ɗauri. Na rubuta takarda na nemi ampli mai kai huɗu wanda kowane kai ke da tasa ƙofar shigar sauti, na sa farashi. Direkta ya ɗauki jan biro ya soke kuɗin, ya rubuta abin da bai kai rabi ba. Ya ce, “Malam, kunne fa za ka ciyar, ba masallacin Juma'a za ka cika da sauti ba.” Na ce to, ranka ya daɗe, na karɓa.

Na bi ta Ɗan Isa da Jibiya na sauka Kano, kasuwar Sabon Gari. Mai shago ya ɗauko mini wani ƙarami mai maɓallan murɗawa huɗu, ya jona wayarsa, ya ba ni kaske na saurara. Sauti tas, ba ƙara, kuma kuɗin da ke aljihuna ya isa har da canji. Na ƙirga ramukan jikinsa na ga biyar, raina ya kwanta, ban tsaya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane rami ba. Sai da na dawo gida na zo haɗawa na gani: huɗu na fita ne, ɗaya tak na shiga. Abin da ka zuba masa ta wannan ƙofa, shi zai raba wa kunnuwa huɗu, ba ragi ba ƙari. Maɓallan nan ƙarfin murya kawai suke ɗagawa.

Wanda bai zauna a reji ba zai ce ina laifi. Laifin shi ne mai gabatarwa da baƙo ba abu ɗaya ya kamata su ji ba. Baƙo yana buƙatar shirin da muryar mai bugo waya, shi ke nan. Mai gabatarwa kuwa dole a kan wannan ya ji mai tsara shiri yana yi masa raɗa daga bayan gilashi: saura minti biyu, ga kira daga Tibiri, tafi talla. Wannan raɗa sirrin gida ce. Sauti iri biyu ke nan, ƙofa biyu ake so, ni kuwa ɗaya na sayo.

A cikin watan Agustan nan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, zancen mayar da kaya Kano ya mutu. A nan ne na yi kuskuren da ya fi na sayen. Maimakon in je in ce wa direkta ga abin da kuɗinsa suka saya, kuma bai isa ba, sai na yi shiru don gudun faɗa. Na haɗa raɗar da shirin na tura wa kowa, na kuma yi yarjejeniya da mai tsara shirin cewa in baƙi suna sanye da kaske kada ya taɓa maɓallin magana, ya rubuta a takarda ya ɗaga a gilashi. Mako uku muna haka lafiya lau.

Mako na huɗu aka yi wa mai tsara shirin rasuwa a Tasawa, wani ya zauna a kujerarsa. Shirin daren kan burtali ne, yadda gonaki ke cinye hanyar shanu, ga kaka ta ƙarato. An gayyato wani sarkin noma, da wani dattijo daga shugabannin makiyaya wanda ya yini a mota daga wajen Dakoro. Saura minti goma a fara aka ɗauke wuta, na ruga wajen gurup, wato janareta, na dawo ina haki ana buga kiɗan buɗe shiri. Ban gaya wa sabon komai ba. Wallahi ban ko tuna ba.

Dattijon mai magana ne a hankali, Hausarsa da gauraye da Fulatanci, yakan tsaya ya nemo kalma. Yana cikin lissafa rijiyoyin da a da suke shayarwa, waɗanda yanzu gero ya kewaye, sai na ga yatsan sabon mai tsara shirin ya sauka kan maɓalli. “Yanke shi haka nan, tsohon nan zai cinye mana dare.” Maganar ba ta fita iska ba, masu sauraro ba su ji ba. Amma ta shiga kunnuwa huɗu. Ina kallon dattijon ta gilashi, ya tsaya a tsakiyar kalma. Ya sa hannu biyu ya zare kasken daga saman rawaninsa, ya naɗe wayar a hankali, ya ajiye a kan tebur. Ya ce wa mai gabatarwa, mikuro a buɗe, “Ɗana, na ji. Ba sai ka yanke ni ba.” Ya nemi sandarsa ya fita. Daƙiƙa wajen goma gidan rediyo ba ya fitar da komai sai hucin fanka.

Washegari direkta ya tara ma'aikata duka, har da mai gadi. Ya ɗaga akwatin sama ya ce ga abin da ake samu in an aiki wanda bai san aikinsa ba. Aka yanke mini kuɗin daga albashi, wata biyu. Wanda ya furta maganar ba a ce masa uffan ba, jan biron nan kuwa ba wanda ya ambace shi. Laifina na sani, guda biyu ne, kuma na amsa su a gaban kowa. Amma takardar da na rubuta tun farko ta faɗi ainihin abin da ake bukata, direkta ma ya sani, kuma har na bar gidan bai taɓa cewa da hannunsa a ciki ba, ko da muna mu biyu. Ni na sayi goro da kuɗina na hau mota na je na ba dattijon haƙuri. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo nono, ya ce, “Ba kai ka faɗa ba, yaro, kuma gara da na ji.” Bai sake zuwa shirin ba. Makiyayan da suka saba bugo waya su ma sun daɗe ba mu ji su ba.

To ga abin da zan ce wa wanda za a aika sayen ampli da kuɗi kaɗan. Kada ka ƙirga kawunan da za su sa kaske, ka ƙirga sauti iri nawa ne za su ji. Kalmar nan ta tasha huɗu da ake bugawa a kwali yawanci mafita take nufi. Juya na'urar, karanta rubutun kowane rami, sannan ka ce wa mai shago ya jona wayoyi biyu masu kiɗa daban, ka ji ko kai na ɗaya zai iya jin wannan, na biyu ya ji wancan. In ba za a iya ba, ƙofa ɗaya ce komai yawan maɓallanta. Irin su HA400 na kamfanin Behringer haka suke, shiga ɗaya fita huɗu, kuma suna aikinsu da kyau in kowa abu ɗaya zai ji. Wanda ya fi shi, HA4700, kowane kai yana da ƙarin ƙofarsa, da maɓallin da ke auna yawan babban sauti da na ƙofar gefen. Irinsa muka samu daga baya, na hannu. Kuma in kuɗi sun gaza, abin da har yau yake ci mini rai ke nan: ƙanana biyu sun wadatar. Ɗaya na baƙi daga babbar mafitar miksa, ɗaya na mai gabatarwa daga mafitar gefe inda raɗar take. Canjin da na dawo da shi daga Kano ya kusa sayen na biyun.

Saura ƙanana ne. Ka tafi da kasken da za a yi aiki da shi, domin mai om 32 (om shi ne ma'aunin wuyar tura kaske) kowane ampli zai tura shi, mai om 250 kuwa ƙaramin ampli zai bar ka kana murɗawa har ƙarshe. Kayan gwanjo daga Amurka ka duba bayansu, da yawa na wuta 110 ne, tamu 220 ce, jonawa ɗaya ya isa ya ƙone su. Fishi, wato bakin wayar da ake cusawa a rami, mai zobe ɗaya kada ya shiga ramin kaske, mai zobe biyu ake sa wa. In ka ji gurnani a ƙasan sauti, ka fara da sa miksa da ampli a soket ɗaya kafin ka zargi na'ura. Kunnenka kuma ka tausaya masa, awa takwas a kan ƙarfin sauti desibel 85 shi ne iyaka, ni na dama ya riga ya fara yi mini ƙugi da dare. Duk wata dabara da ka yi wadda sai an tuna da ita take aiki, ka rubuta ka manna a jikin tebur.

Ɗan akwatin yana nan a sutudiyo, shi ke ciyar da kasken baƙi yanzu, na shafa jan fenti a bakin ramin shigarsa. Shekara biyar bai taɓa tsayawa ba. Takardar nan mai jan biro kuwa na same ta a ƙasan durowa ranar da nake kwashe kayana, na ninke ta na sa a aljihu na taho da ita.