Sanda uku na yi kafin ɗaya ta zauna

Ranar da sandar jan kolet (mariƙin bakin yanka) ta injin milin ɗinmu, mai sassaƙa ƙarfe, ta mutu, ina tsakiyar yanka rami ne a jikin wani faranti. Sai na ji sautin yankan ya sauya. Kafin in tsayar da injin, bakin yanka ya zame ƙasa daga cikin kolet, ya nutse cikin aikin fiye da yadda na saita. Na hau sama da sifana in ƙara ɗaurewa, sandar ta yi ta juyawa ba ta kama komai. Da na zaro ta, haƙoran zaren da ke ƙarshenta sun shafe sumul.

Ga wanda bai saba da injin ba, wannan doguwar sanda ce da ke ratsa cikin sifindil, bututun da ke juya bakin yanka, daga sama, ta ɗaure a gindin kolet, ta jawo shi sama har ya matse bakin yanka. Injinmu mai ramin R8 ne, tsarin da kamfanin Bridgeport na Amurka ya fito da shi, wasu masu ƙera injuna da dama suka bi. Kuma ni na kashe sandar da hannuna. Idan zan cire kolet, na saba in kwance ta kusan gaba ɗaya sannan in buga kanta da guduma. Ashe duk bugun a kan haƙori ɗaya ko biyu na ƙarshe yake sauka. Abin da ya kamata shi ne a sassauta zagaye ɗaya ko biyu kawai, a ɗan ƙwanƙwasa da gudumar tagulla, sauran zaren duka su ɗauki nauyin.

Na ce ai sanda ce da zare, zan yi ta kafin a tashi aiki.

Na auna tsohuwar, ta ba ni milimita 11 da ɗan ɗoriya, wato inci 7/16. Na lalubo dayi, abin yanka zare a jikin sanda, mai wannan lamba a cikin akwati, na yanka zare, na zura. Ta shiga zagaye ɗaya ta cije. Maimakon in tsaya, sai na sa sifana, na ɓata bakin zaren kolet mai kyau. Maigidana ya karɓi dayin, ya goge shi da babban yatsa, ya miƙo mini.

"Karanta min duka, yaro, ba rabi ba."

An rubuta 7/16-14. Zaren R8 kuwa 7/16-20 ne: kauri ɗaya, amma haƙori 20 a kowane inci maimakon 14, tazarar milimita 1.27 tsakanin haƙori da haƙori. Ya ƙara da cewa akwai kolet ɗin R8 da ake yi da zaren M12, wato na milimita 12, saboda haka ko sunan ramin ma bai isa hujja ba, sai an ɗora ma'aunin zare an gani. Na ce, "Na ji, maigida." Kunya ba ta bar ni na ƙara komai ba.

A ta biyu zaren ya yi daidai, amma da hannu na fara shi a bayis, kuma dayi idan ya fara a karkace, a karkace zai ƙare. Sannan na yi wa kan walda don sauri. Zafin ya ja ƙarfen gefe guda. Ido bai gani ba, amma da na mirgina ta a kan teburin injin sai na ga tana ɗingishi. Ta ɗaure kolet, sai dai da kyar take juyawa, kuma da injin ya ɗauki gudu sai ta riƙa kaɗawa a cikin sifindil. Maigida bai ce uffan ba, ya dai kashe injin.

Ta uku ce na zauna na yi da natsuwa. Na zaɓi ƙarfen 4140 wanda aka riga aka ɗan taurara, mai ƙarfi amma yana yankuwa. Da farko na so in ƙona ƙarshen in tsoma a mai don ya yi tauri sosai, kada ya sake cinyewa. Maigida ya hana. Kolet taurararre ne, kuma muna da su fiye da goma, ga mariƙin dirila da sauran kayan da duk wannan sanda ɗaya ke ja. Idan dole wani zare ya ci wani, gara na sandar ya mutu, tunda ita ce za a iya sake yi a yini guda. Tun daga nan, duk abin da zan ƙera wa injin sai na fara tambayar kaina wanne ne ya kamata ya fara lalacewa, shi ko abin da yake gogayya da shi.

Zaren a kan lez, injin da ke juya ƙarfe ana feƙe shi, na yanka shi, da baki mai kusurwar digiri 60, na tokare ƙarshen sandar da tsinin baya don kada ta lanƙwashe. Lez ɗinmu na milimita ne, zaren kuma na inci, shi ya sa sai da na sa giya mai haƙori 127. Dalilin lambar mai sauƙi ne: inci ɗaya milimita 25.4 ne, 127 kuma rabin 254. A irin wannan haɗi ba a sakin mariƙin dogon sukurun da ke jan bakin yanka idan an kai ƙarshe. Sai dai ka janye bakin, ka juya injin baya, ka dawo farko, ka ƙara zurfi kaɗan. Na yi ta gwadawa da kolet ɗin da na ɓata jiya har ya soma shiga, sannan na gwada da mai kyau, ya shige da yatsu ba tare da rawa ba.

Kan kuwa, na yanko ƙarfe mai kusurwa shida na inci 3/4, wanda sifana 19 ke kamawa. Na huda shi, na matsa sandar ciki, na ratsa su da fin. Babu wuta, babu lanƙwasa. Tsawon ma na yi masa dabara: na bar shi ya zarce, na cike da zobba biyu masu kauri a ƙarƙashin kan, yadda zaren zai shiga kolet kamar zagaye 12 ba tare da ya taɓo ƙasa ba. Ranar da ƙarshen ya cinye, sai in datse shi, in cire zobe ɗaya, in ci gaba da aiki.

Da injin ya dawo, aikin farko da na ba shi nasa ne. Notocin da ke shiga ramin teburi, masu siffar T, guda uku suka rage mana. Ramin inci 5/8 ne, bol ɗinsa 1/2-13. Na daidaita dogon ƙarfe guda, na sassaƙe kafaɗunsa biyu, na huda, na yi zare, daga baya na yayyanka shi gida shida. Hakan ya fi a kama ƙanana ɗaya bayan ɗaya. Zan kwashe su ke nan maigida ya nuna mini wani gurbi a bakin ramin teburin, inda wani ɓangare ya ɓalle tun kafin in zo. Wani ne ya ɗaure bol ya zarce ta ƙasan noti, ya tokari gindin ramin, ya ɗaga notin sama, teburin kuma ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Na kifa notocin shida a kan maƙera, na sa ponci na buga na ɓata haƙorin ƙarshe na kowanne, yadda bol zai tsaya kafin ya leƙo.

Sanduna biyun farko suna nan rataye a bayan injin. Mai haƙori 14 ɗin na datse kanta, da ita nake turo abin da ya maƙale a cikin sifindil ɗin lez.