Yau mun karɓo hoton kan Auta

Talata, Gombe.

Wallahi yau tun asuba ban zauna ba. Ni da Inna muka hau keke napep daga Pantami muka kai Auta asibiti karɓo sakamakon hoton ƙwaƙwalwar da aka yi masa. Wata bakwai kenan da ya fara faɗuwa, ta farko a bakin famfo yana alwala, jiki na karkarwa kumfa na fita a baki, tun daga nan ba abin da ba a ce ba, wasu iska wasu sammu, an yi ruƙiyya an sha rubutu an yi hayaƙi, har yaran layinmu suka daina cin kwano ɗaya da shi wai yawunsa na sa farfaɗiya. Wannan ya fi komai ci min rai.

Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana wasu ɗigo biyu kamar ƙwayar dawa, ya ce ƴaƴan tsila ne suka yi gida a ƙwaƙwalwar, irin tsilar alade. Inna ta zabura, "Alade kuma likita? Yaron nan ko ganinsa bai taɓa yi ba!" Ya ce "Mama kwantar da hankalinki, ba sai an ci naman ba." Wanda ya ci naman bai dahu ba shi ke samun tsilar a hanji, ƙwanta na fita ta bayan gida, toh in ya taɓa abinci bai wanke hannu ba, ko ruwa ya kwashi kashin zuwa rijiya ko lambun latas, kowa ma zai iya haɗiya, kuma sai a yi shekaru kafin faɗuwar ta fara. Ya ce a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, inda cutar ta yi yawa kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sanadi. Ni dai sakin baki na yi.

An rubuta albendazole da maganin kumburi da na hana faɗuwa, wannan na ƙarshen ko rana ɗaya kar a tsallake. Kuma in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, a daina cusa masa cokali a baki, abin da muke ta yi kenan Allah ya yafe mana.

Da magariba na zuba mana tuwo kwano ɗaya ni da shi a ƙofar gida inda yaran ke gani. Na sa alam ƙarfe 8 na maganin dare.