Kafin a Yanke wa Batir Hukunci

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ƙaramin shagon gyaran kwamfuta a Kano, ni da yara uku da nake koya wa aiki, kuma mafi yawan abin da ake kawo mana kwamfutocin tafi-da-gidanka ne na hannu, waɗanda suka yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwarmu. Ƙorafin masu su bai cika wuce uku ba: ko batir ba ya daɗewa, ko na'urar tana zafi kamar dutsen guga, ko kuma ta yi nauyi har buɗe takarda ɗaya ya zama aiki. Lokacin da na fara sana'ar, maganin da na gada daga maigidana shi ne a canza batir ko a sake loda Windows. Sai da mutane suka riƙa dawo mini da aikin da na ce na gama, sannan na zauna na nemi sanin wanda yake yanke shawarar yawan wutar da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, zai sha a kowane lokaci.

Abin da na gano shi ne wannan shawara ta ɓangarori biyu ce. Akwai babbar manhaja, wato Windows ko Linux, akwai kuma manhajar tushe da kamfani ya dasa a jikin madabod (babban farantin da sassan kwamfuta ke haɗe a kai), wadda mu masu gyara har yanzu muke kira BIOS ko da sabon nau'inta ne mai suna UEFI. A zamanin tsarin sarrafa wuta na APM na 1992, BIOS ne ke riƙe da linzami, yana kashe allo ko faifai ba tare da ya san aikin da mai kwamfuta yake ciki ba. A Disambar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta mayar da ikon hannun babbar manhaja. BIOS yana miƙa mata wasu jadawalai da take karantawa yayin tashi, babbansu shi ne DSDT, kuma a cikinsu ne ake bayyana mata matakan gudu da na hutu da firosesa yake da su, da zafin da bai kamata ya wuce ba.

Yadda nake koya wa yarana shi ne su bambanta matakan P da matakan C. Matakan P na lokacin aiki ne: P0 shi ne gudu mafi girma, kuma duk saukowa mataki ɗaya raguwa ce ta gudu da ƙarfin lantarki tare. Nan ne babbar riba take, domin wutar da firosesa ke ci tana ƙaruwa ne da ninkin ƙarfin lantarkin a kan kansa, saboda haka ɗan sassauci kaɗan yana rage zafi sosai. Matakan C kuwa na hutu ne: a C0 yana aiki, a C1 ya ɗan dakata, kuma a masu zurfi ana yanke wa sassansa wuta, sai dai farkawa daga can tana ɗaukar lokaci fiye da na sama. Kwamfuta mai lafiya tana shiga wannan hutu tana fita sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, har tsakanin harafi da harafi idan mutum yana rubutu. Idan wani direba mara kyau, wato 'yar manhajar da ke sarrafa wani sashe na kwamfuta, ya riƙa tashin firosesa, ko wani ya kashe matakan C a cikin BIOS da sunan ƙara ƙarfi, sabon batir ma ba zai kai rabin lokacinsa ba.

Aikin da ba na mantawa da shi na wani dattijo ne mai shagon buga takardu, wanda aka riga aka karɓi kuɗinsa a wani wuri aka ce firosesarsa ya tsufa. Da muka duba, mun tarar gudun firosesar ya kafe ƙasa da gigahaz ɗaya ko da an ɗora masa aiki mai nauyi, alhali babu zafi, fanka ma tana juyawa lafiya. Babban yarona ya ce, "Maigida, ko mu sake loda masa Windows?" Na ce ya fara karɓo cajar da Baba yake amfani da ita. Ashe cajar ba ta asali ba ce. Wasu kamfanoni suna sa wa cajarsu alamar shaida da ƙaramin guntun kula da wuta na madabod yake karantawa, kuma idan bai gane ta ba sai ya tilasta wa firosesa gudu mafi ƙanƙanta don kada a ja wutar da ta fi ƙarfin cajar. A irin wannan hali umarnin yana zuwa ne daga ƙarƙashin babbar manhaja, don haka duk abin da aka taɓa a Windows ba zai yi tasiri ba. Muka jona caja mai kyau, nan take kwamfutar ta dawo daidai. Dattijon ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka," kuma kuɗin caja kaɗai ya biya.

Zafin watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, suna jawo irin wannan nauyi ta wata hanya, domin firosesa yana rage gudu da kansa idan ya kusa iyakarsa. Wannan kam maganinsa shara ce da sabon man sanyaya da ake shafa wa firosesa.

Wanda ya fi wahalar da mu yanzu shi ne barcin kwamfuta. Tsofaffin na'urori suna shiga matakin S3, inda kusan komai ke mutuwa sai ma'adanar wucin gadi, amma sababbi da yawa sun koma tsarin da Microsoft ke kira Modern Standby, inda kwamfutar ke nan a kunne tana shan wuta kaɗan kaɗan kamar wayar hannu. Idan jadawalin BIOS yana da kuskure ko wani sashe ya ƙi kwanciya, sai ɗalibi ya rufe ta ya sa a jaka, ya isa gida ya tarar da ita da zafi, batir ya ƙare. A ganina cire zaɓin S3 daga na'urori da yawa bai yi wa irin abokan cinikinmu adalci ba, mutanen da ke lissafin cajinsu da awannin da ake samun wuta. Muna duba irin barcin da na'ura take yi da umarnin Windows na powercfg /a, mu ga abin da ya hana ta hutawa da powercfg /sleepstudy, sannan mu sabunta BIOS, amma sai an jona ta da inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya kashe madabod ɗungurungum. Wadda sabuntawa bai gyara ba, muna saita ta ne ta shiga matakin S4 idan an rufe murfinta, ta adana komai a faifai ta mutu gaba ɗaya, kuma muna sanar da mai ita cewa za ta ɗan jinkirta wajen tashi.