Kuɗin ɗakin da na biya a daren farko a Busua

Har yau idan na tuna yadda na zaro kuɗin wata guda cif na miƙa wa mutumin nan, sai in ji raina ya ɓaci. Kusan rabin guzurina ke nan, kuma ban yi awa ɗaya da sauka a garin ba.

Tafiyar kanta ba wani abin labari. Daga Kano zuwa Legas, Kwatano, Lome, na tsallaka iyaka a Aflao, na kwana biyu a Akara, sai Takoradi. Daga nan turoturo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Gana, ya kai ni Agona Nkwanta, tasi ta ƙarasa da ni Busua, wani ɗan ƙauyen masunta a yammacin Gana. Niyyata in ajiye jakar goyona wuri guda, in daina kwana nan tashi can, in zauna har in san gari gari ya san ni.

Na isa bayan magariba a gajiye tilis. Aka nuna mini ɗaki a bakin teku, daga kan gado kana jin raƙuman ruwa. Mai wurin ya ce idan na biya na wata zai yi mini ragi. Ban duba famfo ba, ban ɗaga katifa ba, ban tambayi kowa ba. Na biya.

Watan Yuni ne, tsakiyar damina, kuma wannan yankin ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar. Mu da muka saba shanya da safe a kwashe da hantsi, ba mu san wannan irin laima ba. Rigar da na wanke ran Litinin, ran Laraba tana nan jiƙe tana wari. Cikin mako guda takalmina na fata ya yi fumfuna, zif ɗin jakar ya ci tsatsa saboda iskar gishiri, bakin cajin wayata ya fara gardama. Famfo kuwa sai ya ga dama. Daren Asabar kiɗan mashayar da ke maƙwabtaka ya kai ni har asuba ido biyu. Da na nemi a mayar mini da sauran kuɗina, sai mutumin ya ce ciniki ya riga ya faɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, amsar tana nan kusa tun ranar farko. Wata safiya na koma Agona Nkwanta cirar kuɗi, na tsaya wurin wata dattijuwa mai koko da ƙosai, na ji tana yi wa jikarta faɗa da Hausa. Na yi sallama. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, daga ina?" Na kwashe labari na ba ta. Ta girgiza kai. "Ɗana, baƙo da ya sauka ai zango yake nema tukuna. Matambayi ba ya ɓata." Na ce, "Wallahi Hajiya, gajiya ce ta rufe mini ido."

Gaskiya ta faɗa. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja ba sa kwance kaya sai sun sami maigidan da zai tsaya musu, shi ya san farashi, shi ya san mai gaskiya. Ni kuma na zo da waya a hannu na manta da wannan. Ta haɗa ni da wani direban tasi, shi ya kai ni gidan wasu mutane 'yan ƙabilar Ahanta a cikin garin Busua, tafiyar minti biyar daga ruwa. Ɗaki busasshe, ga rijiya a tsakar gida, kuɗinsa bai kai sulusin na wancan ba. Na kwashe kayana na bar kusan mako uku da na riga na biya.

Daga nan ne zaman ya fara daɗi. Na gane ran Talata masunta ba sa shiga teku, al'ada ce tun kaka da kakanni, ranar suke zama ƙarƙashin kwakwa suna ɗinkin koma. Sauran ranaku idan ana jan taru daga gaɓa, na kan kama igiya tare da su, tafin hannuna har ya yi kanta, a ƙarshe a jefo mini kifi biyu ko uku. Matar gidan ta soya mini, mu ci da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da yaji. Na taka zuwa Dixcove na ga ganuwar Metal Cross da Ingilishi suka gina, inda aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Na daɗe tsaye a wurin ban iya cewa komai ba. Wata rana kuma na bi yashi gabas har Butre, inda kangon ganuwar Batenstein ta mutanen Holan ke kan tudu. Juma'a kuwa Takoradi nake tafiya.

Duk wanda ya tambaye ni yanzu, abu ɗaya nake nanatawa: biya na kwana biyu kawai. Buɗe famfo, shinshina katifa, kwana a wurin daren Asabar kafin ka yi maganar wata. Damina baƙi sun yi ƙaranci, ɗakuna a buɗe suke, kai ke da bakin ciniki, ni ne ban sani ba.

Mako bakwai na yi niyya, biyar na samu, saboda kuɗin nan da ya tafi. Ranar da zan tashi masunta na shirin fita, wani ya ɗaga mini hannu yana nuna igiya, ni kuwa jakata na baya, tasi na jira.