Shafin da Farfesa ya soke

Tun da na ajiye sakatarcin ƙaramin kwamitin sufuri da masauki, abokan aiki ke tambayata ko gajiya ce. Ba ita ba ce. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin shirya taron ƙara wa juna sani ya san yadda ake rabon aikin. Manya su zaɓi uban taro da mai babban jawabi, su yini suna gardama a kan kalar jaka, mu ƙanana a bar mu da tambayar da kowane baƙo ke yi: ta ina zan shigo Kaduna, kuma da ƙarfe nawa?

Amsar na rubuta a shafi guda don a haɗa da takardar gayyata. Na ce mai tasowa daga Abuja ya hau jirgin ƙasa a Idu ko Kubwa, ya yanki tikiti ta intanet da wuri, ya riƙe lambar NIN ɗinsa, domin tun da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022, bayan harin da 'yan bindiga suka kai masa a 28 ga Maris na shekarar, aka tsaurara tantance fasinja. Na ce a zaɓi jirgin da zai iso da sauran rana, saboda tashar Rigasa can gefen gari take, ba wurin da baƙo zai tsaya neman Keke Napep da dare ba ne. Mai son mota ya taso da hantsi, kada magariba ta riske shi tsakanin Jere, Katari da Rijana. Masu jirgin sama su bar wa kansu kwana guda, don taron ya faɗo cikin hunturu, kuma hazo kan sa a soke sauka.

Farfesa, shugaban kwamiti, ya karanta, ya ɗauki jan biro ya ja layi biyu daga sama har ƙasa.

"Malam, taro muke kira ko korar mutane muke yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sun riga sun ji labarin sace ɗaliban kwalejin Afaka da na jami'ar Greenfield tun 2021. In ba mu faɗa musu lokacin tasowa ba, wa zai faɗa?"

Ya ce lamura sun yi sauƙi yanzu, kuma ba zai sa hannu a takardar da za ta ɓata wa jiha suna ba. Cewa sun yi sauƙi, ban musa ba. Amma sauƙin bai matso da Rigasa kusa da makaranta ba. Abin da ya fita a ƙarshe layi ɗaya ne: za a tarbi mahalarta.

Jajibirin taro wata Dakta daga Kudu, wadda ba ta taɓa tako Arewa ba, ta hau jirgin ƙarshe. Motar sashe da na tanadar wa tasha an janye ta tun la'asar, bisa umarnin Farfesa, ta bi ayarin babban baƙo zuwa otal, ba wanda ya sanar da ni. Wayarta ta mutu a hanya. Bayan isha'i wata baƙuwar lamba ta kira ni, ashe ta wani mai shayi ce a bakin tasha, lambata kuma a jikin rasidin kuɗin rajista ta gan ta. Na ja tsohuwar motata na tafi. Na same ta a kan bencinsa, ta rungume jakar kwamfuta da hannu biyu, kofin shayin da ya zuba mata ya huce ba ta kurɓa ba. Har muka isa masauki ba ta ce uffan ba, sai a bakin ƙofa ta tambaye ni dalilin da ya sa ba a gaya mata akwai jirgin safe ba.

Washegari ta kai ƙara, kuma tana da gaskiya. A gaban kwamiti Farfesa ya ce yaran yanzu ba su san darajar baƙo ba. Takardar tuhuma ta biyo baya da sunana. Shafin nan mai jan layi yana cikin jakata a lokacin, ban fito da shi ba, domin wanda ya ja layin shi zai zauna a kan takardun ƙarin girmana. Kowa a ɗakin ya san haka, shi ya sa kowa ya duƙar da kai.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Umarnin baki, ka mai da shi saƙon WhatsApp ka tura wa mai shi, ka ce don tuni. Direba ka ba shi kuɗin mai a hannunsa, ka karɓi lambobinsa biyu. Masu gadin ƙofa a kai musu sunayen baƙi kafin ranar, in ba haka ba za ka tarar da mai gabatar da maƙalar farko a tsaye a waje ana tambayarsa katin shaida. Kada a sa tafiyar kowa tsakanin sha biyu da biyu na ranar Juma'a. Bayanin hanya kuwa, idan an hana shi shiga takarda, ka kira baƙin ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu da bakinka. Taron da ya biyo baya haka na yi, da katin wayata, ba wanda ya kwana a hanya, aka kuma yaba wa shugaban kwamiti a jawabin rufewa.

Kuɗin man da na ƙona zuwa Rigasa har yau takardarsa na ofishin akanta. Wai babu sa hannun shugaban kwamiti.