Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Tantalam Ya Ƙi Wucewa

Makon jiya na tsaya a inda Malam ya fara barina ni kaɗai da na'urar gwaji a ɗakin bincike. To, aikin da ya ɗora mini a shekarata ta biyu shi ne in haɗa ayon na ƙarfen tantalam, wato ƙwayoyinsa da suka rasa ilektron, da iskar CO2, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, in ga yadda suke karo.

A takarda abin ba wuya. Hasken leza ya doki sandar tantalam, ƙwayoyin ƙarfen su tashi kowace ta rasa ilektron ɗaya, sai mu turo su cikin wani akwatin ƙarfe da aka zuƙe wa iska, su gitta siririn zaren CO2. CO2 iska ce mai taurin kai: cire mata oksijin ɗaya yana cin ƙarfi kusan ilektron-bolt 5.5 (ma'aunin ƙarfi ne a duniyar ƙwayoyi). Ayon na baƙin ƙarfe ba ya iya wannan, riƙonsa da oksijin bai kai ba. Tantalam kuwa yana fizge oksijin ɗin, ya zama TaO+ (tantalam haɗe da oksijin), ya bar CO (ragowar iskar), har da rarar ƙarfi.

Saboda wannan rarar, na sa a raina cewa tantalam zai warce oksijin ya wuce gaba abinsa, kamar shaho ya ɗauki ɗan tsako. Na yi makonni uku ina tara bayanai. Da hoton da ke nuna inda ƙwayoyin TaO+ suka nufa bayan karon ya fito a kwamfuta wajen ƙarfe biyun dare, sai ga ɗigo dunƙule a tsakiya, ya bazu ta ko'ina daidai wa daida. Gabana ya faɗi. Na ɗauka na lalata saitin na'urar, har na zauna na yi kuka.

Da safe Malam ya daɗe yana kallon hoton bai ce uffan ba.

"Malam, ko in sake daga farko?"

"Ki sake me? Ai abin da kike nema ke nan."

Ya zana mini a allo. Tantalam da CO2 suna manne wa juna su yi ta juyi har su manta ta inda suka fito, shi ya sa suke watsewa kowane gefe. Kafin oksijin ya koma hannun tantalam, dole ilektron ɗaya ya juya fuskarsa, kuma a nan ake jinkirin. Rarar ƙarfin ma yawancinta ba ta tafi a gudu ba, ta zauna cikin rawar ƙwayoyin.

Sannan ya miƙo mini sandar niyobiyam, ƙanen tantalam a jadawalin sinadarai, ya ce in gwada shi ma.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.